Wasiƙa daga New York: yadda ake yanka kuɗin aikin tura wasiƙu

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya a gida da shago. Ka ce in ba ka labarin aikin ɗab'i a nan Amurka. Injinansu ba su ne suka tsaya min a rai ba, na ga irin wasunsu a Kano. Abin da ya kwana da ni shi ne yadda suke lissafin guminsu kafin su faɗi kuɗin aiki.

A nan kowane gida yana da lamba da akwatin wasiƙa, kuma ma'aikacin gidan waya yana zagayawa daga Litinin zuwa Asabar. Akwatin a ƙofarka yake, amma doka ta hana kowa ya jefa takardar da ba a biya wa kuɗin gidan waya ba a ciki. Wato irin rabon da muke yi, a ba yaro damin takardu ya bi layi yana miƙawa, ba zai taɓa akwatin mutane ba. Shi ya sa har mai ƙaramin shago yakan tura tallarsa ta gidan waya, kuma shi ya sa haɗa wasiƙun ya zama sana'a mai zaman kanta.

Gab da azumin 2025 wani bawan Allah mai shagon kayan abincinmu a Bronx, wani yanki na birnin New York, ya nemi in haɗa masa wasiƙa 2,000 zuwa ga masu sayayya a wurinsa. Takardu biyu ne a kowace, a ninke, a zura a ambulan, a manne, a liƙa adireshi. Na dubi kwalayen, na ce jinga dala 150. Haka muka saba, a ƙiyasta da ido a ce a kawo kaza. Ko ragi bai nema ba, nan take ya ce ya sallama.

Na shimfiɗa kayan a teburin falo bayan isha'i. Ɗarin farko hannu yana gudu. Da na wuce ɗari biyar, gefen takarda ya yanka min ɗan ali wuri biyu, wuya ya ƙage, ninkin ya fara karkacewa har ambulan ba ya rufuwa sai na warware na sake. A awa ɗaya ban wuce wasiƙa 150 ba, ka ga ninki da manni kaɗai sun ci sama da awa 13. Ga jerin adireshin da ya ba ni, wani sunan sau uku, wani babu lambar yanki, lambar nan mai alƙaluma biyar da suke kira ZIP. Gyaransa ya ci awa uku. Ɗaukar kaya zuwa gidan waya da tsayuwar layi, wasu awa biyu. Da na haɗa, awa 18 a kan dala 150, dala takwas da 'yan kai ke nan a kowace awa, alhali mafi ƙarancin albashi a birnin New York a shekarar dala 16.50 ne. Abin ya yi min ciwo, domin dare uku ban zauna da yara ba, kuma mutumin bai cuce ni ba, abin da na faɗa ya biya.

Wata dattijuwa da ta daɗe a sana'ar ce ta zaunar da ni. Ta ce kada in ƙara faɗin farashi sai na ɗauki wasiƙa 100 na yi su daga farko har ƙarshe, agogon waya yana tafiya. Mintocin da suka ci, a ninka su da yawan ɗarurrukan da ke cikin aikin, a ƙara kamar kashi ɗaya bisa huɗu saboda gajiya da gyaran kuskure. Sannan kowane motsin hannu da kuɗinsa: ninki daban, zura takarda ta biyu daban, liƙa adireshi daban. Idan mai kaya ya dawo ya ce a ƙara ɗan kati a ciki, ba a cewa ba komai, sabon layi ne a takardar lissafi. Aikin da ba ya canzawa ko wasiƙa 300 ce ko 3,000, irin gyaran adireshi da cika fom da zuwa gidan waya, shi ma ana rubuta shi shi kaɗai. Wannan ne ya sa ƙaramin aiki ya fi tsada a kan kowace wasiƙa, kuma ba wanda yake jin haushin haka idan ya gani a rubuce.

Kuɗin gidan waya kuwa ba ya shiga kuɗin aiki sam, mai kaya ne zai biya tun kafin a fara. Lokacin aikin nan kan sarki ɗaya santi 73 ne, wasiƙa 2,000 dala 1,460 ke nan, ya kusa ninka ladana sau goma. A watan Yulin 2025 ya koma santi 78. Akwai hanyar rangwame da suke kira Marketing Mail, wadda take rage kuɗin zuwa wajen rabi, amma da sharuɗɗa. Sai wasiƙun sun kai 200, sai da izinin gidan waya, sai ka jera su da kanka bisa lambar yanki, kuma sai an tantance adireshin cikin kwana 95 kafin turawa. A taƙaice ka yi musu rabin aikinsu, su rage maka kuɗi. To wannan rabin aikin a wuyan mai haɗawa yake, dole ya shiga lissafi. Tafiyarsu ma ba ta da sauri, kuma wadda ba a sami mai ita ba yawanci zubarwa ake yi. Tallar kayan azumi da ta isa bayan an sha ruwa goma ai ta zama asara.

Kada ka ɗauka komai na nan ya fi namu. Katin biki da ɗan'uwa ya kawo har zaure, ya durƙusa ya gaishe ka, ya fi ambulan dubu da ake jefawa a kwandon shara ba a buɗe ba. Na ga maƙwabtana suna yin haka kullum a bakin akwati. Kuma sauƙin da muke yi wa juna, a ce bar shi kawai, abu ne mai kyau da nake kewarsa.

Amma ina tunanin yaran shagonka, Yaya. Idan aka kawo katin aure ko kalandar 'yan siyasa, kana lissafa takarda da tawada da man janareto, sai dai ban taɓa jin ka lissafa daren da suke kwana suna ninki da ƙirga ba. Sai a ƙarshe a ba su na abinci da na mota. Don Allah aiki na gaba ka ajiye waya a kan tebur, su ninke 100 kana kallon agogo, ka rubuto min mintin da ya ci, mu yi lissafin tare. Ko za ka yi wa mutum alfarma, ka san nawa ka yafe, kuma kada ya fito daga rabon yaran.

Mai shagon nan ya sake kirana don Babbar Sallah. Na kai masa takarda mai layi shida, kuɗin aikin ya tashi dala 400. Ya karanta a tsaye, ya tambaye ni layin gyaran adireshi, na yi masa bayani, ya sa hannu.

A gaida Hajiya da kyau, a ce mata maganin ƙafar yana hanya.