Bcc ko Google Groups: wanne ya fi wa sakataren ƙungiya?

Malam Sakatare, ka ce ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai tana da mambobi kusan 300, duk wata kana tura musu takardar gayyata da rahoton taro ta imel, kuma ka gaji da kwafo adireshi ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ka zuba su duka a Bcc, wato layin da ke ɓoye adiresoshin masu karɓar saƙo, wani ya ce ka buɗe Google Groups, wato zauren imel na Google. Duka biyun za su kai saƙo. Inda suka rabu shi ne a hannun wa jerin sunayen yake, da kuma inda amsa ke zuwa idan wani ya mayar.

Bari mu fara da ta Bcc, don ita ce mai sauƙi. Ka shiga Google Contacts a kwamfuta, ka buɗe abin da suke kira Label, ka raɗa masa suna, a ce "Mambobi", ka tara adiresoshin a ƙarƙashinsa. Daga nan in ka zo rubuta saƙo a Gmail, sai ka rubuta "Mambobi" a layin Bcc, duk su zubo da kansu. A layin To ka sa adireshinka. Ba wanda zai ga adireshin wani, wanda ya yi amsa kuma kai kaɗai za ta iske.

Sai dai Gmail na kyauta yana da iyakar saƙo 500 a rana, kuma kowane adireshi ana ƙirga shi. Mutum 300 sau ɗaya ba matsala. Amma a ce ka tura, can sai ka tuna ba ka liƙa rahoton ba, ka sake turawa, to ka haura iyaka, Google na iya hana ka tura komai har zuwa awa 24.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne kuskuren yatsa. Label bai san bambancin To da Bcc ba, inda ka rubuta shi nan zai zube. A 2015 wani asibiti a Landan, 56 Dean Street, ya tura wa mutum kusan 780 wasiƙar da yake aika wa masu zuwa sashen cutar ƙanjamau, aka sa adiresoshin a To maimakon Bcc, kowa ya ga sunan kowa. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci hukumar asibitin tarar fam 180,000 a 2016. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ba asibiti ba ce, gaskiya ne, amma Najeriya ma tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma a cikin mutum 300 ba a rasa wanda zai kwashi adiresoshin ya fara tallar filaye da turaren wuta.

Sannan jerin yana cikin asusunka ne, kamar littafin adashi a hannun uwar adashi. Ranar da wa'adinka ya ƙare, ko ka yi tafiya Umara, sanarwa ta tsaya.

Google Groups kuwa adireshi ɗaya zai ba ku wanda ke ƙarewa da @googlegroups.com. Kai saƙo ɗaya ka tura, Google ne ke rarraba shi. Jerin sunayen na zauren ne, kana iya naɗa shugaba da ma'aji su zama masu kula tare da kai, sabon sakatare in ya zo a ƙara shi kawai. Duk saƙon da aka taɓa turawa yana ajiye, don haka mai cewa ba a gaya masa an ƙara kuɗin wata ba sai a nuna masa ranar. Mai adireshin Yahoo ko na wurin aiki ma saƙon zai same shi, wanda ya gaji kuma zai iya cire kansa ba sai ya roƙe ka ba.

Haɗarinsa a amsa yake. In ka bar ƙofa a buɗe, mutum ɗaya ya rubuta "Allah ya kai mu", mutum 300 sun samu. Wani ya ce "Amin", sun sake samu. A Nuwamban 2016 wani saƙon gwaji ya faɗa akwatin ma'aikatan lafiya na Ingila kusan 840,000, mutane suka yi ta danna "Reply all", wato a amsa wa kowa, suna cewa a cire su, har imel ɗin hukumar ya yi ta tafiyar hawainiya ranar. Maganin yana cikin saitin zauren: inda aka tambayi wa zai iya turawa, ka zaɓi masu kula kaɗai, inda aka tambayi wa zai ga jerin mambobi, nan ma haka. Hira ai akwai WhatsApp.

Wahalar Google Groups ta farko ce. Gayyatar wasu za ta faɗa akwatin Spam, wasu dattawan ba za su danna ba sai an kira su a waya, ko ka shigar da su da hannunka bayan sun amince.

In da a ofis kake mai amfani da Outlook na Microsoft 365, da sai in ce ka je wurin mai kula da kwamfutocinku ya buɗe muku jerin rarraba saƙo, domin a can jerin duka a matsayin mai karɓa ɗaya ake ƙirga shi. Amma wannan bai shafi ƙungiyar da ke aiki da Gmail na kyauta ba.

Ni a ganina, mutum 30 ko 40, sanarwar biki ko taro jefi-jefi, Label da Bcc sun wadatar. Mutum 300, duk wata, a ƙungiyar da ake zaɓe ana sauya shugabanni, Google Groups ya fi muku. Ku buɗe shi da asusun Gmail na ƙungiya, ba naka ba. Kuma lokaci zuwa lokaci ka riƙa sauke jerin mambobin ka ajiye a kwamfuta, domin Yahoo ma ya taɓa samun irin wannan zaure, Yahoo Groups, ya rufe shi ƙurmus a Disamban 2020.