Forgejo, GitLab ko GitHub: ina ƙungiya za ta ajiye kod ɗinta?

Idan ku biyar ne ko goma kuna rubuta manhaja tare, maganar ko za a yi aiki da Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa kod, ta riga ta wuce. Tun da Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005, bayan an janye wa masu aikin Linux damar amfani da makamanciyarsa BitKeeper kyauta, ya yi ta cin kasuwa har ya zama kusan shi kaɗai. Abin da ya rage a yanke shi ne inda rumbun kod zai zauna, da kuma wanda za a buga wa waya ranar da ya ƙi buɗewa. Ni da wannan ranar nake auna kowane zaɓi: in abin ya lalace, mutum ɗaya zai iya tayar da shi kafin a tashi aiki?

Bari mu sallami waɗanda ba za su ja mu da nisa ba. Subversion, tsohon abokin gasar Git da aka fara a 2000, in kun gaji tsohon aiki a kansa ku lallaɓa shi, amma kada ku ɗora sabo. Mercurial yana da kyau, sai dai Bitbucket, dandalin ajiye kod na kamfanin Atlassian, shi ma ya daina karɓarsa tun 2020. Perforce na kamfanonin wasannin kwamfuta ne masu manyan fayilolin zane da sauti. Shi kuwa Bitbucket na girkawa a gida, Atlassian ta daina tallafa wa ƙaramin samfurinsa a Fabrairun 2024, abin da ya rage ba na ƙaramar ƙungiya ba ne.

GitHub ba shi da laifi, kuma ga mutane da yawa shi ne amsa. Microsoft ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5, kuma daga Afrilun 2020 ƙungiya na iya buɗe rumbun sirri kyauta ba tare da an ƙayyade yawan mutane ba. Babu saba da za ku kula da ita, babu faifan da zai cika. Inda gizo ke saƙar shi ne kulle babban reshe, wato hana kowa tura abu kansa kai tsaye ko goge tarihinsa. A rumbun sirri sai an biya ake samun wannan, da dala, kan kowane mutum, kowane wata. Wanda ya taɓa zama da katin naira yana jiran kuɗi su wuce ya san abin da nake nufi. Sannan fayil ɗin da ya haura megabait 100 ba zai shiga ba sai ta Git LFS, wato ƙarin da ke ajiye manyan fayiloli a gefe.

GitLab na girkawa a gida shi ne wanda masu son burge shugaba ke kawowa, kuma gaskiya ya cika: bitar kod, gwaji na kai-tsaye, ma'ajiyar kwantena, duk a wuri guda. Amma ba abu ɗaya kake girkawa ba. A ƙarƙashinsa akwai PostgreSQL da Redis da Sidekiq da Gitaly da sauransu, kowanne da nasa ciwon. Sabar da ba ta kai gigabait 8 na RAM ba, shafin kuskure mai lamba 502 zai zama abokin hirarka. Ba a kuma tsallake sigogi wajen sabuntawa. In ka yi sakaci na shekara guda, sai ka bi matakala ɗaya bayan ɗaya kana jiran rumbun bayanai ya gama ƙaura a kowace tasha. Ga wani tarko da ya kama mutane da yawa: umarnin da ke ɗaukar kwafin ajiya ba ya haɗawa da gitlab-secrets.json da gitlab.rb. In ka rasa na farkon, za ka mayar da komai amma sirrikan da aka ɓoye ba za su buɗu ba. In kuna da ma'aikacin da aikinsa ke nan, bismillah. In kuwa mai rubuta kod ne aka ɗora wa ƙarin kaya, ku tausaya masa.

Nawa zaɓin Forgejo ne, ba na ɓoyewa. Asalinsa Gogs ne, daga shi Gitea ya ɓalle a 2016. Da aka miƙa sunan Gitea ga wani kamfanin kasuwanci a ƙarshen 2022, sai wasu daga cikin masu aikin suka ware suka kafa Forgejo a ƙarƙashin Codeberg, ƙungiyar sa-kai mai rajista a Jamus. Gitea na nan yana aiki lafiya kuma su biyun suna kama sosai, amma tun 2024 hanya ta rabu, saboda haka ka zaɓi ɗaya tun farko, kada ka dogara da cewa sauyawa daga baya zai zo da sauƙi.

Abin da ya sa nake son sa shi ne kana iya riƙe dukkan fasalinsa a ka. Fayil ɗaya ne da aka rubuta da harshen Go, da takardar saiti guda mai suna app.ini, da rumbun bayanai wanda SQLite ma ya isa ga ƙaramar ƙungiya, sai jakar da rumbunan Git ke zaune a cikinta yadda suke, ba a sāke musu siffa ba. Ko manhajar ta mutu gaba ɗaya, kana iya shiga ta SSH ka kwafo aikinku da git clone. Ƙaramar saba ta haya tana ɗaukarsa, haka ma tsohuwar kwamfuta a lungun ofis da ke kan inbata. Kulle reshe kyauta ne, tilasta bita kafin haɗewa kyauta ne, kuma yana iya tura kwafin kowane rumbu zuwa wani wuri da kansa.

Matsalolinsa ma na gane-da-ido ne. Ga wadda ta fi yawa: komai na tafiya, sai wani ya yi git push mai ɗan nauyi ta HTTPS, ya ga kuskure mai lamba 413. Sai a kama zargin intanet, a sāke lodi, a sāke faɗuwa. Laifin ba na Forgejo ba ne, na nginx ne, manhajar da ake sawa a gabansa tana karɓar buƙatu daga intanet, wanda a saitinsa na asali ba ya karɓar abin da ya wuce megabait 1. Ka ɗaga client_max_body_size, ka sāke loda nginx, magana ta ƙare. Ta biyu tana zuwa ne bayan an kwashe rumbuna zuwa sabuwar saba da asusun root, mai cikakken iko a saba: Git ya ƙi taɓa su yana cewa bai yarda da mamallakin jakar ba, tsaron da aka ƙara masa a 2022. Maganin shi ne a mayar wa asusun da ke tafiyar da Forgejo mallakar jakar da chown, ba a bi shawarar nan ta buɗe safe.directory ga komai ba. Akwai kuma umarnin forgejo doctor da ke duba maka wuraren da suka saba kwancewa. Rauninsa a fili yake: injin gwaji daban ake girka shi, kuma sabunta tsaro a wuyanka yake, ba wanda zai yi maka.

Duk wanda ka zaɓa, ka tambayi mai kula da shi tambaya ɗaya: yaushe rabon da a gwada mayar da kwafin ajiya? Na taɓa aiki da wata ƙungiya da ke biyan wani ɗan kwangila kuɗin "ajiyar kullum". Ranar da faifai ya mutu aka gano kwafin a kan wannan faifan yake ajiye shi, a jakar da ke gefe. Kod ya dawo daga kwamfutocin ma'aikata, don kowa na da cikakken tarihi a hannunsa, amma rahotannin matsaloli da muhawarar bita duk sun tafi. Wannan ne abin da mutane ke mantawa: git clone --mirror tarihin kod kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar rumbun bayanai ko fayilolin LFS. Manya ma ba su tsira ba. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab ya goge bayanai a kan babbar saba a zaton ta biyu ce, aka duba hanyoyin ajiya aka tarar kusan duk ba sa aiki, aka yi asarar bayanan kimanin awa shida. A Maris na 2021 kuma gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin hayar saba na OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda kwafinsu ke gini ɗaya da sabarsu suka tashi a tutar babu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi da naka.

Yanzu ga 'yan damfara, waɗanda sun fi faifai ɓarna. Na farko masu sayar da asusun GitHub "na biya" da araha a Telegram da WhatsApp. Yawanci na sata ne ko na ɗalibi da aka buɗe da takardun bogi. Mai sayarwa yana riƙe da imel ɗin farfaɗowa, wato rumbunku a hannunsa yake, kuma ranar da aka rufe asusun ba ku da bakin kai ƙara. Haka mai cewa zai girka muku GitLab na kamfanoni da lasisin da aka fasa: kun ba wanda ba ku sani ba damar canza manhajar da ke riƙe da duk sirrinku.

Na biyu rumbunan jabu. Ana kwafar sanannen aiki, a canza harafi ɗaya a sunan, a cusa masa muguwar manhaja, a sayo masa taurari, wato alamar yabo da masu amfani ke dannawa, don ya yi kama da na gaske. Yawan taurari ba shaida ba ne. Ka bi adireshin da ke shafin masu aikin na asali, ka duba sa-hannun fayil kafin ka girka. Ko na gasken ma ana shigarsa: a Maris na 2025 an gurɓata tj-actions/changed-files, wani ɗan kayan aiki da dubban rumbuna ke kira a GitHub Actions, injin gwajin GitHub, ya riƙa fallasa sirrika a rahoton gwaji. Waɗanda suka ɗaure shi da cikakkiyar lambar canji, ba da sunan siga ba, su ne abin bai taɓa ba.

Na uku saƙon imel mai cewa an ga shiga asusunka daga wata ƙasa, danna nan. A Mayun 2019 ɓarayi sun yi amfani da kalmomin sirri da makullan da suka tsinta, suka share rumbuna a GitHub da GitLab da Bitbucket, suka bar takardar neman fansar Bitcoin 0.1. Ku tilasta tabbatarwa mai mataki biyu ga kowa, har da shugaba, musamman ma shugaba. Makullin da ya taɓa shiga tarihin Git kuma a ɗauka ya fita duniya. Goge shi da git filter-repo bai wadatar ba, sai an soke shi an yi sabo. Ta makullan da aka bari a rumbun sirri aka shiga Uber a 2016.

Na ƙarshe ba ya ma kama da damfara. Ɗan kwangila ne zai buɗe muku ƙungiya a GitHub ko ya yi hayar saba da sunansa da katinsa, "don sauƙi". Ranar da kuka saɓa kan kuɗi za ku gane wa ke da gidan. Kafin ku biya kashin farko, ku tabbatar asusun mallaka da sunan yanki da asusun hayar saba duk da imel ɗin kamfani aka buɗe su, mutum biyu na cikin gida suna da ikon gudanarwa, shi kuma a ba shi izinin da za a iya janyewa.