Bletchley Park: Ziyara Zuwa Ofishin Alan Turing

Daga tashar Euston ta Landan, jirgin ƙasa yana kai mutum garin Bletchley cikin ƙasa da sa'a guda, kuma ƙofar gidan tarihin tana kusa da tasha. A nan ne gwamnatin Birtaniya ta tara masana a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu domin su warware saƙonnin sirri na sojojin Jamus, kuma a nan ne masanin lissafi Alan Turing, wanda aka haifa a 1912, ya yi aikin da daga baya ya ɗaukaka sunansa.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ginin katako mai lamba 8, inda Turing ya jagoranci masu aikin fasa saƙonnin sojojin ruwa da ake rufewa da na'urar Enigma. An mayar da ofishinsa kamar yadda yake a da: tebur, keken rubutu, da kofin shayi a ɗaure da sarƙa jikin na'urar ɗumama ɗaki, saboda ya gaji da masu ɗauke masa shi. Ɗakin ƙarami ne ƙwarai, mai ƙarancin haske, kuma duk wanda ya san cewa mai wannan kujera ne ya bayyana tushen lissafin kwamfuta a takardarsa ta 1936 zai daɗe a tsaye a bakin ƙofar.

Abin da ya cancanci yabo shi ne masu kula da wurin ba su bar sunan Turing ya danne na sauran ba. An ambaci Marian Rejewski da abokan aikinsa na ƙasar Foland, waɗanda suka fara fasa Enigma tun 1932, da Gordon Welchman wanda ya inganta Bombe, na'urar da ake amfani da ita wajen fasa saƙonnin Enigma, da kuma dubban matan da suka kasance kusan kashi uku cikin huɗu na ma'aikatan. Haka nan ba a ɓoye shari'ar da aka yi wa Turing a 1952 kan alaƙarsa da wani namiji ba, da rasuwarsa a 1954, da neman afuwar da Firaminista Gordon Brown ya yi a 2009, kafin Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta yi masa afuwa a 2013, a kuma buga hotonsa a takardar fam 50 a 2021.

Mai son ganin Bombe da aka sake ƙerawa tana aiki, tare da kwafin Colossus, kwamfutar fasa saƙonnin sirri wadda Tommy Flowers ya ƙera ta asali, sai ya ƙarasa gidan tarihin kwamfuta na ƙasa da ke cikin harabar, wanda tikitinsa daban ne. Yini guda da ƙyar zai ishi mutum ya ga wuraren biyu a tsanake, saboda haka ya fi kyau a iso da safe, a kuma sa takalmin da ba ya gajiyar da ƙafa, domin gine-ginen a warwatse suke.