Dogayen lasifikokin falo: abin da za ka duba kafin ka zare kuɗinka

Duk wanda ya taɓa shiga layin masu kayan sauti a Sabon Garin Kano ko Alaba ta Legas ya san takardar nan mai ƙyalli da ake manna wa lasifika a gaba: 3000W, 5000W, wani lokaci da ƙarin haruffa huɗu, PMPO. Lambar nan ba ta gaya maka komai, domin babu wani ma'auni da kamfanoni suka yi ittifaƙi a kansa, kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Amfilifayar gida ta kirki wat 50 zuwa 100 take bayarwa a kowane gefe, kuma hakan ya isa ya sa maƙwabci ya yi maka sallama da dare. In yaron shago ya ce, "Alhaji, wannan ai mai dubu biyar ce," ka bar shi da dubunsa, ka juya akwatin ka karanta bayansa.

Lambobi biyu ne ke da amfani a can. Ta farko tana ɗauke da haruffan dB, galibi tsakanin 85 da 95, tana nuna yawan ƙarar da lasifikar ke fitarwa in an ba ta wat ɗaya aka tsaya nisan mita ɗaya. Ƙa'idar kuwa ita ce duk ƙarin 3 dB sai an ninka ƙarfin amfilifaya. Wato lasifika mai 86 tana buƙatar wat 100 kafin ta kamo ƙarar da mai 92 za ta yi da wat 25. Ga mai ƙaramin aljihu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don kuɗin da ka rage a lasifika mai wuyar turawa, amfilifaya ce za ta cinye shi. Ta biyu ita ce ohm, ma'aunin yadda lasifika ke tare wutar da ke shigarta. Mai 8 ko 6 kusan kowace amfilifaya za ta ɗauka. Mai 4 tana zuƙar wuta, ƙaramar amfilifaya sai ta ɗau zafi ta riƙa kashe kanta, balle a zafin Afrilu.

A nan ya kamata a raba hanya da saitin hom tiyata na kwali ɗaya, mai dogayen lasifikokin roba guda huɗu da wufa, wato akwatin da ke fitar da bes zalla. Tsayinsu na ado ne, in ka buɗe za ka tarar da 'yan ƙananan bakunan fitar da sauti a sama, sauran duk fanko. Waɗanda nake magana a kansu akwatunan katako ne masu nauyi, ba sa shiga soket, sai an haɗa su da amfilifaya. Don haka kasafinka na abu biyu ne. Ni a ganina kashi biyu cikin uku su tafi ga lasifika, ɗaya ga amfilifaya da waya.

A matakin ƙasa akwai Sony SS-CS3, Pioneer SP-FS52 da Polk T50. Sony ɗin siririya ce, muryar mawaƙi na fita tas, amma bes ɗinta bai da zurfi, sai an tallafa mata da wufa. Pioneer ɗin Andrew Jones ne ya tsara ta, injiniyan da daga baya ya yi wa ELAC jerin Debut a 2015, kuma sautinta mai laushi ne, ba ya gajiyar da kunne, sai dai tana son amfilifaya mai ɗan ƙarfi. Polk T50 ana ganinta da bakuna uku manya, amma ɗaya ne kawai ke da maganaɗisu, biyun na ƙasa iskar cikin akwatin ce ke motsa su don ƙara bes. Ba yaudara ba ce, tsari ne sananne, kuma yana da wata fa'ida: tun da ba ta da ramin iska a baya, za ka iya matsar da ita kusa da bango ba tare da ta yi gurnani ba.

In kuɗin ya ɗan haura, zaɓin ya fi daɗi kuma ya fi wuya. Klipsch, kamfanin da Paul Klipsch ya kafa a Arkansas ta Amurka a 1946, yana saka tuwitarsa, wato ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti, cikin wani baki mai faɗi kamar na ƙaho, shi ya sa da ɗan ƙarfi kaɗan take cika falo. Lambar dB da suke rubutawa takan ɗara abin da masu gwaji ke samu, amma duk da haka tana cikin masu sauƙin turawa. A fim ba a magana: harbi, tsawa, fashewar gilashi, duk suna zuwa da kaifi. Matsalar ita ce wannan kaifin. Falonmu na yanzu tayil ne a ƙasa, siminti a gefe, silin mai tauri a sama, babu abin da ke shanye sauti. A irin wannan ɗaki, sa'a guda da Klipsch da ƙarfi sai ka ji kunnenka na neman hutu. Q Acoustics 3050i ta Ingila ita ce na fi karkata gare ta in kiɗa ne gaba: bakuna biyu masu faɗin milimita 165, tuwita a tsakiyarsu, 91 dB, bes mai kauri wanda bai danne murya. Wharfedale, da ke sana'ar tun 1932, jerinta na Diamond ma haka yake, sauti mai ɗumi. ELAC Debut F5.2 tana fito da ƙananan abubuwan da ke cikin waƙa sosai, amma 86 dB ce, kada ka haɗa ta da amfilifaya mai rauni.

Wannan na ƙarshe yana da dalili. Mutane na tsoron babbar amfilifaya za ta fasa lasifika, alhali ƙarama ce ta fi kashe tuwita. In ka murɗa ta fiye da iyawarta, sautin sai ya tsage, wannan tsagewar ce ke ƙona siririyar wayar cikin tuwita. Da ka ji sauti ya fara ƙeƙashewa, rage.

Batun fim kuwa, kada ka yi gaggawar cika lasifika biyar. Mafi yawan abin da ake kallo a gidajenmu, daga YouTube zuwa tashoshin dish, gefe biyu ne kawai, hagu da dama. Dogaye biyu masu kyau sun fi biyar na tsaka-tsaki. In kuɗi ya sake shigowa, ta tsakiya za ka fara saya, domin a fim mai 5.1, wato na lasifika biyar da wufa ɗaya, kusan duk maganar 'yan wasa ta nan take fita, kuma ta zama daga jerin dogayenka, don kada murya ta sauya launi idan mutum ya ratsa allo. Sai wufa, ka saita rabon sauti tsakaninta da dogayen a 80 Hz kamar yadda aka saba, ta ɗauke wa dogayen nauyin ƙasa. Na baya su ne ƙarshe, ko masu araha sun wadatar. Abin da za ka yi tun farko shi ne sayen amfilifaya mai hanyoyi biyar ko bakwai, irin na Denon, Yamaha ko Onkyo, ko da biyu za ka fara amfani da su.

In kuma ɗakinka bai wuce mita uku da huɗu ba, gaskiya doguwa ba taka ba ce. Ƙananan nan da ake ɗorawa a kan kantar ɗaki, haɗe da wufa ɗaya, za su fi yi maka daɗi da kuɗi ɗaya.

'Yan Kwatano su ne mafitar da yawa daga cikinmu, kuma akan dace, don lasifika ba ta tsufa da wuri. Amma ka duba da hannunka. Cire ragar gaba, ka shafa zoben da ya kewaye bakin: in roba ce ba damuwa, in soso ne ya fara marmashewa, akwai gyara a gabanka. Sa yatsu a kewayen tsakiyar bakin ka danna a hankali. Ya kamata ya shiga ya dawo shiru, in ka ji ƙarar gogayya, wayar ciki ta taɓa ƙonewa. Kara kunne a kan kowace tuwita, don sau da yawa ɗaya ta mutu mai shago ya rufe da ƙara bes. Ƙwanƙwasa gefen akwatin da gaɓar yatsa, mai kyau ba ya amsawa kamar ganga. Kuma ka je da kiɗan da ka sani a wayarka, mai murya da kalangu ko gurmi, ka ce a rage ƙara. A ƙasa-ƙasa ake gane lasifika, da ƙarfi kowacce burgewa take.

Lasifikar ba ruwanta da irin wutar ƙasa, amma amfilifayar da aka yi wa kasuwar Amurka 120V ce, tamu kuwa 230V. Soka ta kai tsaye, ta tafi. Duba bayanta kafin ciniki, sannan ka sa kuɗin sitabilaiza a lissafi saboda hawa da saukar wutar NEPA da ta janareto. Waya kuwa kada a ruɗe ka da mai tsada, ta jan ƙarfe zalla mai kaurin 1.5 ko 2.5 mm² ta isa, ka dai tabbata ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a duka ɓangarorin, in ba haka ba bes ɗin zai ɓace. Masu ramin iska a baya, kamar Klipsch da Q Acoustics, a ba su aƙalla kamu biyu daga bango, a ɗan karkato fuskarsu wajen kujera, a shimfiɗa kafet a tsakani.