Sharhi kan ruwan narkar da maiko na gwangwani a wankin injin Corolla

Gwangwanin feshi ne mai nauyin kusan giram 450, irin wanda ake samu a shagunan kayan gyaran mota da sunan maganin wanke inji. Na gwada shi a kan Toyota Corolla ƙirar 2006 mai inji 1ZZ-FE, lita 1.8, wanda baƙin mai da ƙurar hunturu suka cakuɗe suka yi wa ɓawo a gefen top (kan inji) da ƙasan altaneta. Yana narkar da maiko yadda ya kamata, kuma abin da ya fi burge ni da shi shi ne yana rage yawan ruwan da za ka zuba wa inji. Galibin ɓarnar da ake ɗora wa wankin inji ruwa ne ke yin ta, musamman ruwan injin feshi na masu wankin mota, wanda ƙarfinsa ke tura danshi ya ratsa robar soket ya shige ciki.

Kafin ka taɓa gwangwanin, bar mota ta huce kamar awa ɗaya, har ka iya ɗora tafin hannunka a kan inji ba tare da ka janye ba. Maganin yana kama wuta, kuma a wannan injin bakin salansa yana ta baya ne, wajen bangon da ya raba inji da cikin mota, inda ido ba ya gani amma feshi yana kaiwa. Ban da haka, a kan ƙarfe mai zafi maganin bushewa yake yi kafin ya ci maikon, ka yi asarar rabin gwangwani a banza. Yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, cikin inuwa, da safar hannu ta roba. Shimfiɗa kwali a ƙasan mota ka barbaɗa yashi a kai, don abin da zai zubo baƙin mai ne narkakke, bai kamata ya bi kwata ko ya kusanci rijiya ba.

Cire kan batir na ragi da sufana lamba 10. Sai ka ɗaure leda a kan altaneta, akwatin fis da ke kusa da batir, bakin da iska ke shiga iyakilina (matatar iskar inji), da soket ɗin na'urar auna iska da ke jikin murfinsa. Ɗaure da roba ko salatif, kada ka ɗora kawai.

Wurin da ya fi buƙatar hankali shi ne saman inji. Murfin robar nan mai tambari noti biyu ne lamba 10 ke riƙe da shi ta sama. Idan ka ɗaga shi za ka ga koyil huɗu a jere, kowanne ya nutse cikin rami mai zurfi da fulogi ke zaune a gindinsa. Ramin ba shi da mafita. Robar da ke bakin koyil ce kaɗai ke tare ruwa, kuma a motar da ta kai wannan shekaru robar ta riga ta taurare. Don haka murfin a wanke shi daban a bokiti, saman top kuma a fesa maganin a jikin tsumma a goge da hannu. Ko ɗigon ruwa kada a zuba a nan.

Akwai matakin da mutane ke tsallakewa, kuma a ƙasarmu shi ne rabin aikin: kakkaɓe ƙura tun tana busasshe. Ɗauki buroshin fenti mai faɗin inci 2 ka bi ko'ina, ka kwashe ganye da ƙasar da suka taru a ƙarƙashin waifa, inda ramukan tsiyayar ruwan sama suke. Idan ka fesa magani a kan ƙurar nan, taɓo za ta zama, ta shanye maganin tun bai kai ga maikon ba.

Fesa daga nisan kamar tafin hannu ɗaya, sashe-sashe, ka fara daga ƙasa ka yi sama. Ba shi minti 5. A idonka za ka ga baƙin ɓawon ya yi laushi yana gangarowa kamar narkakken kwalta, farin alminiyon yana leƙowa ta ƙasansa. Maiko mai sauƙi buroshi ɗaya ya ishe shi. Wanda ya shekara yana taruwa sai an kankare shi da tsinken katako an sake fesawa, kuma tsohon buroshin haƙori ne ke shiga tsakanin kusoshi. Ɗauraya da buta ko gorar da aka huda murfinta, kana tsiyayawa a hankali a daidai inda ka wanke. Lita 5 zuwa 6 ta gama inji gaba ɗaya.

Inda ya gaza: gwangwani ɗaya bai isa injin da ya daɗe yana yoyo ba, a yi tanadin biyu. Warinsa yana da ƙarfi, yakan kwana a jikin mota. Sannan bai dace da roba ba. Tiyon lagireto da fambel an yi su da irin robar da man fetur da danginsa ke kumbura ta, don haka duk inda ya fantsama a kansu a goge nan take. A kan fambel kuma yana barin santsi, shi ya sa wasu motoci ke ƙara da safe bayan wanki. Ga robobi da murfin akwatuna, sabulun wanke kwanuka na ruwa, cokali 2 a lita ɗaya, ya fi shi dacewa kuma ya fi arha.

In aka kwatanta shi da abin da aka saba, kananzir ko man gas da sabulun gari, gwangwanin ya fi tsabtar aiki. Gas yana barin maiƙo da ƙura ke mannewa cikin kwana biyu, sabulun gari kuma yana barin farin tabo a alminiyon da gishiri-gishiri a cikin soket, wanda bayan makonni yake zama koren tsatsa, rewaya ya yi ta neman inda wuta ke ɗaukewa. Fetur kuwa kada ma a kawo shi kusa. Tururinsa yana kwanciya ƙasa, tartsatsi ɗaya daga sufana da kan batir ya ishe shi. Haka nan duk ruwan wankin da aka haɗa da soda mai ƙuna yana cin alminiyon, kuma wannan injin, bulok da top, duk alminiyon ne.

Bayan ɗauraya, tsane da tsumma, cire ledoji (ƙirga su lokacin ɗaurawa, don ledar da aka manta a bakin iyakilina tana shaƙe inji), bar bonet a buɗe minti 30 zuwa awa ɗaya. Idan kan batir yana da farin gari, sodar girki (baking soda) cokali ɗaya a kofin ruwa tana cinye shi, amma kada ta shiga cikin batir ɗin. Mayar da kan batir, tayar da mota, bar ta a sulo (inji na aiki ba a taka totur ba) minti 15. Sulo zai iya hawa da sauka a farko saboda kwamfutar motar ta manta saitinta da aka cire batir, yakan daidaita da kansa bayan 'yar tafiya.

Abin da ba ya daidaita da kansa shi ne misin, wato wata silinda ta riƙa tsallake tashin wuta. Idan inji yana karkarwa, wutar cek tana ƙiftawa, na'ura ta gwajin mota ta nuna P0301 zuwa P0304, lambar ƙarshe ita ce silindar da ruwa ya shiga raminta. Kashe motar. Kunce ƙusa lamba 10 da ke riƙe koyil ɗin, zare shi, tsane ramin da tsumma a kan sanda ko iskar mai faci, sannan ka shanya robar koyil. Kada ka kunce fulogi alhali ruwa na kwance a kansa, zai zuba cikin silinda. Kada kuma ka ci gaba da tuƙi da fatan zai bushe a hanya, ɗanyen fetur da bai ƙone ba yana tafiya salansa ya ƙona katalis, wato matatar hayaƙin da ke cikinta.

Ribar wankin takan fito ne bayan kwana 3 zuwa mako guda, lokacin da sabon yoyo zai nuna kansa a kan ƙarfe mai tsabta. A wannan injin fara duba kewayen gasket ɗin murfin top, sai bayan inji ta ɓangaren fambel, inda abin ɗaure cen ɗin taimin yake da 'yar robar zobe da ke bushewa da tsufa. Mai daga can yana gangarowa ƙasa, har a zaci kaskon mai ne ke yoyo a kunce abin da lafiyarsa ƙalau. Barbaɗa farar hoda a wurin da kake zargi, ka yi tafiyar kilomita 10, layin da mai ya bi zai fito baƙi ƙirin, ka bi shi zuwa sama har inda ya faro.

Man ƙyalli na taya ko baƙin mai da wasu ke shafa wa robobi don inji ya yi sheƙi, a bar shi, ƙura yake kira. Idan motarka haibirid ce, wato mai haɗa fetur da lantarki, mai wayoyi masu launin lemo a cikin bonet, wannan tsarin bai shafe ta ba, wayoyin nan wuta ce mai ƙarfin da ke kisa, tsumma mai ɗan danshi a kan robobi ya wadatar.