Wane kiɗan tsanaki za ka saya wa 'yan badujalarka? Fara da tambayar asalinsa

Kowace ƙungiyar badujala, ta 'yan sanda ce ko ta soja, ta makaranta ko ta coci, tana da kiɗan maci fiye da buƙatarta. Inda ake samun giɓi shi ne kiɗan tsanaki, wanda ake busawa a hankali lokacin ajiye furanni ranar tunawa da mazan jiya ta 15 ga Janairu, ko wajen jana'izar wani babba, ko a tsakiyar taro idan ana so jama'a su nutsu. Takardun irin wannan kiɗa da kuɗin waje ake sayensu, saboda haka babu shugaban ƙungiyar da zai so ya zuba dala a kan abin da zai ƙare a durowa. Sunayen marubuta kiɗan da za ka riƙa cin karo da su a shagunan intanet 'yan kaɗan ne: Barber, Albinoni, Bach, Elgar, Dvořák, Holst da Grainger. Idan ka saurare su a YouTube duk za su burge ka. Abin da ya raba su shi ne abin kiɗan da aka rubuta wa kowannensu tun farko.

Mai bayolin, wato gogen Turawa, yana riƙe sauti ɗaya muddin hannunsa na motsi. Idan baka ya kai ƙarshe ya juyo da shi, kuma a babbar ƙungiyar okestira masu gogen suna da yawa, ba a jin inda wani ya juya. Mabushi kuwa da huhu yake aiki. Mai algaita ya iya shaƙar iska ta hanci yana ci gaba da busa da wadda ya tara a kumatu, amma ba haka ake horar da yawancin 'yan badujala ba. Kiɗan da aka rubuta wa tsirkiya ba ya barin gurbin numfashi, wanda ya fito daga bakin mawaƙi ko daga hannun mabushi kuwa yana bari.

Adagio (wato kiɗa mai tafiya a hankali) na Samuel Barber shi ne wanda ya fi jan hankalin masu saye, kuma shi ne na farko da zan hana matsakaiciyar ƙungiya taɓawa. Barber Ba'amurke ne, ya rubuta shi a 1936 a matsayin kashi na biyu na wani kiɗa na masu goge huɗu kacal. Daga baya ya faɗaɗa shi ga dukan masu tsirkiya na okestira, Arturo Toscanini ya jagoranci gabatar da shi ta rediyon NBC ranar 5 ga Nuwamba 1938. Ya zama kiɗan makokin Amurka bayan an sa shi a rediyo lokacin rasuwar Shugaba Roosevelt a 1945, aka maimaita bayan kisan Kennedy a 1963. Zaren kiɗan, wato karin da kunne ke bi, yana hawa ne taki-taki, kusan minti takwas, har ya kai can ƙololuwa da sauti mai tsini, sannan a yi tsit. Wannan ƙololuwar ita ce matsalar. A goge kuka take zama, a kilarinet da sarewa kuwa, idan ba ƙwararru ba ne, tsuwa za a ji, ga kuma mabusa sun riga sun gaji kafin a iso wurin. Shi kansa Barber da ya tashi juya shi a 1967 muryoyin mawaƙa ya ba wa. Ya rasu a 1981, haƙƙin mallakar yana nan daram, don haka ba za ka samu halattaccen kwafi kyauta ba.

Wanda ake kira Adagio na Albinoni labarinsa ya fi kiɗan kansa ban mamaki. Tomaso Albinoni mutumin Venice ne, ya rayu daga 1671 zuwa 1751, sai mai saye ya ɗauka tsohon kaya ne da babu mai shi. Alhali a 1958 kamfanin Ricordi ya buga shi, kuma Remo Giazotto ne ya fito da shi, wani masanin tarihin kiɗa ɗan Italiya da ya ce ya gina shi a kan guntuwar takarda daga ɗakin karatu na Dresden bayan yaƙin duniya na biyu. Bai taɓa nuna wa duniya takardar ba har ya mutu a 1998. Ke nan kiɗan ƙarni na 20 ne, yana da masu haƙƙi, kuma an tsara shi ne wa goge da ogan. Masu busa suna iya ɗaukarsa fiye da na Barber, domin ogan ma da iska take aiki, amma ya faye nauyin zuciya, bai dace da komai ba sai makoki.

Air na Bach ba ya buƙatar dogon bayani. Kashi na biyu ne na jerin kiɗan okestira na uku da Bach ya rubuta, kuma a wannan kashi ya ajiye masu tirampet da obo gefe, ya bar masu tsirkiya su kaɗai. A 1871 August Wilhelmj ya sauko da shi yadda za a goga shi a kan tsirkiya ɗaya, nan ya samo sunan da ya fi shahara da shi, Air on the G String. Sautinsa na farko dogo ne ƙwarai. Idan kana da mai sakso ko mai kilarinet guda da numfashinsa ya kai, da mai tuba da ba ya gaggawa, saya. In babu, bar shi.

Nimrod na Edward Elgar a tsakiya yake, kuma a nan ne ƙa'idar da na kafa take ɗan lanƙwasa. Okestira aka rubuta wa, masu goge ne suke buɗe shi. Shi ne na tara cikin juyi 14 na Enigma Variations, wato zare ɗaya da Elgar ya riƙa sauya wa fasali, wanda Hans Richter ya fara gabatarwa a Landan ranar 19 ga Yuni 1899. Kowane juyi hoton wani ne daga cikin mutanen Elgar, wannan kuwa na August Jaeger ne, ma'aikacin kamfanin buga kiɗa na Novello, wanda ya ƙarfafa masa gwiwa lokacin da ya yi niyyar jingine rubuta kiɗa, yana ba shi misali da Beethoven. Jaeger da Jamusanci mafarauci ne, shi ya sa Elgar ya laƙaba masa sunan Nimrod, wato Namarudu, wanda Baibul ya kira gawurtaccen mafarauci. Ashe dai ba kiɗan mutuwa ba ne, godiya ce ga aboki da yake raye a lokacin. Sojojin Birtaniya ne suka mayar da shi na makoki, suna busa shi kowane watan Nuwamba a wurin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi a Landan.

Me ya sa ya karɓi badujala? Zarensa a yanke yake gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa numfashi ɗaya ya ishe ta. An rubuta shi a ki, wato matakin sauti, na E-filat, inda kayan busa na tagulla suka fi sakewa. Bai cika minti huɗu ba a mafi yawan lokuta. Kuma ko a asalinsa masu tagulla ne suke ɗaukar nauyin ƙololuwar. Wahalarsa biyu ce: farawa da sauti ƙasa-ƙasa ba tare da rawar murya ba, da kuma saukowa kwatsam daga ƙarar ƙarshe zuwa raɗa. Ƙungiyar da ta saba da maci ta iya ƙara, raɗar ce ke ba ta kunya. Juyinsa na badujala suna da yawa, na Alfred Reed yana cikin waɗanda aka fi amfani da su.

Largo na Dvořák ma daga okestira ya fito, amma abin busa aka ba zarensa tun ran gini. Kashi na biyu ne na simfoninsa na tara, wanda aka fara kaɗawa a zauren Carnegie na New York ranar 16 ga Disamba 1893. Dvořák ɗan ƙasar Cek ne da aka ɗauko ya shugabanci wata makarantar kiɗa a birnin, inda wani ɗalibi baƙar fata, Harry Burleigh, ya riƙa rera masa waƙoƙin ibada na bayin Amurka. Mutane da yawa suna zaton daga can ya kwaso zaren, amma nasa ne. Wani ɗalibinsa, William Arms Fisher, shi ya sa masa baitoci a 1922, har ya koma kamar tsohuwar waƙar coci. Masu tagulla ne suke buɗe shi, sannan wata babbar obo mai kaurin murya ta karɓa. Da wuya ka samu wannan obo a ƙungiyoyinmu, don haka duba ko juyin da za ka saya ya ba sakso ko konet wannan gurbi. Asalin ya haura minti goma, na badujala yawanci an datse shi zuwa ɓangaren farko, kuma hakan ya wadatar.

Ni dai da kuɗina ne, a kan Gustav Holst zan fara kashewa, ko in ce ba sai na kashe ba. Holst ya ci abinci da busa turambon kafin ya yi suna, ya san inda leɓe ke gajiya. A zamaninsa badujalar sojan Ingila aro take yi, ana juya mata kiɗan okestira da na opera. Shi ne ya zauna ya rubuta mata nata, jeri na farko a 1909, na biyu a 1911, wanda sai a 1922 aka fara busa shi a bainar jama'a. Kashi na biyu na wannan jeri na biyu, Song Without Words, ya gina shi a kan waƙar gargajiya ta yankin Cornwall, ta wata yarinya da ta zautu saboda an tura masoyinta teku. Kilarinet ke fara ɗaukar zaren, konet ya karɓa. Bai kai minti uku ba, kuma da yake daga bakin mawaƙiya ya fito, duk inda ya kamata a numfasa akwai gurbi. Aibinsa gajarta. Idan masu ajiye furanni suna da yawa, sai ka maimaita ko ka haɗa da wani.

Irish Tune from County Derry na Percy Grainger ɗan'uwansa ne ta wannan fuska. Wata mata, Jane Ross, ta rubuta zaren a garin Limavady na Ireland, George Petrie ya buga shi a 1855, tun kafin a sa masa baitocin da duniya ta san shi da su. Grainger haifaffen Melbourne ne, ya fara tsara shi wa muryoyi, sannan ya fitar da na badujala a 1918 yana cikin 'yan badujalar sojan Amurka. Ya fara ba masu matsakaiciyar murya zaren, irin su yufoniyam da hon da turambon. Ƙungiyar da ƙarfinta yake a tirampet kaɗai ba za ta ji daɗinsa ba, amma wadda tsakiyarta ta cika, a ganina babu wanda ya kai shi cika kunne cikin duk waɗannan.

Akwai Adagio na Mozart daga Gran Partita, wanda ya fito daga al'adar fadojin Vienna ta ajiye ƙaramar ƙungiyar mabusa, kamar wadda Sarki Joseph na biyu ya kafa a 1782. Kayan kiɗa 13 yake nema, ciki har da hon huɗu da basun biyu. Saurare shi don jin daɗi, ba na fareti ba ne.

Wajen biyan kuɗi, fara tabbatar da irin ƙungiyar da aka yi wa juyin. Takardun badujalar tagulla zalla irin ta Ingila daban suke da na ƙungiya mai haɗe da kilarinet da sarewa da sakso, har yadda ake rubuta wa masu turambon da tuba ya bambanta, kuma idan ka sayi wanda ba naka ba babu gyara sai sake rubutawa. Kamfanoni suna sa lambar wahala, yawanci daga 1 zuwa 6. Kada ƙarancin sautuka a takarda ya ruɗe ka, ka ɗauki lambar da ta yi ƙasa da ta macin da kuka saba. Idan mutanenka ba su cika ba, nemi juyin da aka kasa murya huɗu ko biyar, wanda kowane abin busa zai iya shiga ɗaya daga ciki. Duba kuma ko farashin ya haɗa da kundin madugu da takardar kowane mabushi, domin wasu kundin kaɗai suke sayarwa.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya tana kare kiɗa shekara 70 bayan mutuwar mai shi. Elgar da Holst duk a 1934 suka rasu, Dvořák a 1904, Bach a 1750, don haka asalin rubutunsu na kowa ne, ana samunsa a IMSLP, shafin intanet na takardun kiɗa kyauta. Sai dai juyin da wani ya yi wa badujala haƙƙin mai juyin ne, shi ya sa Nimrod da Largo za ka biya, ko ka zauna ka juya da kanka. Na Holst ne kawai za ka iya saukar da tsohon bugunsa ka raba wa mabusa yadda yake, kodayake bugun da Colin Matthews ya gyara a 1984 na sayarwa ne. Grainger ya rasu a 1961, nasa sai ƙarshen 2031 zai fita daga kariya a nan.