Hattara da masu tallan haɗa ɗakin ajiya: a biya na biyu suke yanka mutum

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga duk mai niyyar yin ɗan ɗakin ajiya a bayan gida, irin wanda ake zuba kayan aiki, kekuna da tarkacen da suka cika wa mutum tsakar gida. An cuce ni, kuma yadda aka yi cutar nake so ku sani, don ba irin wadda muka saba ji ba ce, ta a karɓi kuɗi a kashe waya nan take. Wannan sai da ya yi aiki tukuna.

A shafin sada zumunta na ga tallan. Hotuna tsaf, ɗakuna na katako da rufin kwano, har da wani mai koren ƙofa da ya shiga raina. Na kira shi na ce ina son mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4. Kuɗin da ya yanka min bai kai kashi biyu bisa uku na abin da kafintoci biyu suka faɗa min ba. Da na tambayi dalili sai ya ce, "Maigida, mu sari muke yi, ba mu sayen kaya ɗaiɗai. Kwana 5 ka karɓi makullinka." Na san araha ba ta ado, amma son banza ya rufe min ido.

Na ba shi kashi ɗaya bisa uku kafin alƙalami, ina ɗar-ɗar. Washegari da sassafe sai ga shi da yara biyu, da tef ɗin awo da igiya. Suka share wuri, suka kafa katakon gefe. Na tafi aiki, da yamma na dawo na tarar da daɓe sumul yana ƙyalli. Bayan kwana biyu ya kawo katako 'yan guda da bandir ɗaya na kwano. To wa zai ƙara zargin mutumin da ya zuba masa kankare a gida? A ranar ya ce an faɗa masa kwano zai tashi gobe, in ba shi ragowar kuɗin ya kwaso kaya gaba ɗaya. Sunan da ya fito a asusun ba nasa ba ne, ya ce na ƙanensa ne. Na tura. Daga nan sai an yi musu rasuwa, sai motar ɗaukar kaya ta lalace, sai waya ta daina shiga. Cikin mako biyu shafin ma ya yi ɓatan dabo.

Da na haƙura na ɗauko wani dattijon magini ya ƙarasa min. Ina ganin ai ko ba komai na tsira da daɓe. Ya ɗauki guntun rodi ya ƙwanƙwasa gefe, ya ƙwanƙwasa tsakiya, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ɓawon ƙwai aka yi maka." Ya huda tsakiyar, kaurinta bai kai santimita 4 ba, alhali gefen ya cika santimita 10 cif, yadda ake so daɓen irin wannan ɗaki ya kasance. Dabarar ita ce su tula yashi a tsakiya, ba tare da sun daddanne shi ba, su bar gefe da zurfi don nan ido ke gani, sannan su shafe sama. Da an ɗora nauyi, ko ƙasa ta zauna bayan ruwan sama, sai ya dare.

Lissafin ba shi da wuya, da na yi shi tun farko da ban kai nan ba. Mita 3 sau mita 4 sau kaurin santimita 10 zai ba ka kankare kubik mita 1.2. In an yi haɗin da aka saba, awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, zai ci buhu 7 zuwa 8 masu kilo 50. Na je bayan katanga inda suka jefar da buhunan, na ƙirga uku. Ba su shimfiɗa ledar hana danshi a ƙasa ba, wadda in babu ita damshin ƙasa zai riƙa tasowa yana sa kaya tsatsa da fumfuna. Dattijon ya kuma ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa. Ɗaki mai 3 da 4, in kusurwoyinsa sun daidaita, gicciyen biyu dole kowanne ya ba da mita 5. Nawa ɗaya ya fi ɗaya da kusan tafin hannu, wato ko an kafa bango, kwano ba zai hau daidai ba. Sai a lokacin na tuna mutumin bai taɓa ce min a riƙa ba daɓen ruwa ba. Kankare na son a jiƙa shi kamar kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. Ba dole a jira duka kafin a kafa katako ba, amma wanda ya zuba maka ya tafi bai ce uffan kan ban ruwa ba, ko dai bai san aikin ba ko bai da niyyar dawowa.

Katakon ma haka. Ya ce min mai magani ne, gara ba ta ci. Muka sa zarto, waje kore, ciki fari fat kuma ɗanye. Shafa masa launi kawai aka yi. Katakon da aka dafa da magani na gaske, matsa shi ake yi ya shiga jiki, in ka yanka za ka ga ya ratsa, bai tsaya a fata ba. Kwanon kuwa abin dariya ne, ya yi ta min alfahari da cewa "babban geji" ya kawo. Ashe a lissafin geji, wato ma'aunin kaurin kwano, lamba na ƙaruwa kwano na ƙara sirancewa. Da yatsa biyu nake lanƙwasa shi. Ku riƙa cewa a faɗa muku kauri da milimita, a rubuta a takarda.

Hotunan fa? Ɗana ne ya ɗora su a Google Lens, manhajar binciko hoto a intanet, cikin minti ɗaya suka fito a shafin wani kamfanin ƙasar waje da bai ma san da mutumin nan ba. Wannan binciken kyauta ne, ni ne dai na yi shi bayan hari.

Saboda haka kada ku biya ko sisi sai kun je kun ga ɗakin da ya taɓa yi, kun yi magana da mai ɗakin ba a gabansa ba. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a raba biya bisa mataki, na rufi kada ya fita sai an kafa bango. In da hali ku sayi siminti da kwano da kanku, ku biya shi ladan hannu kawai. Ranar zuba kankare kuwa ku ajiye komai ku tsaya, ku yi wa sanda alama a santimita 10, ku soka a tsakiya tun yana ɗanye. Duk wanda ya ce kaya za su tashi gobe, ku ce ku tafi shagon tare yau. In asusun ba sunansa ba, a fasa. Wanda kuma ya riga ya tura, ya sanar da bankinsa da 'yan sanda a ranar, ya adana rasit da saƙonni, don ni na ɓata mako biyu ina yi masa ta'aziyya.

Shekaranjiya na sake ganin hotunan a wani sabon shafi, an canza suna da lambar waya, amma ɗakin mai koren ƙofa yana nan, da alkawarin kwana 5. Na kai ƙorafi, ban ga an sauke shi ba tukuna. Daɓen nawa jibi za a fasa shi, kuma kuɗin fasawa da kwashe ɓaraguzan ma daga aljihuna zai fita.